Rasuwar Magajiya, Mai Sanin Wa Ya Sha Nonon Wa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har ta rasa inda za ta ajiye na gobe, Malam Isyaku Nata'ala na Gwammaja, mai rubuta wa makarantu da masu kemis manhajar kwamfuta, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa cire takalmi a ƙofar zaurensa, rasuwar kwamfutarsa wadda unguwa ta sani da suna Magajiya. Ta cika ranar Alhamis ta makon jiya bayan la'asar, cikin watan Rajab, a gaban shaidu, tana tsakiyar aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Babu wanda ya san shekarun marigayiyar, domin gwanjo ce. Ta gama bauta a wata ƙasa kafin a sauke ta a Kano. Ta shigo Gwammaja a bayan a-kori-kura, naɗe da bargo, a makon da soja suka miƙa mulki suka koma bariki, lokacin da kowa yake ganin daga yau komai zai gyaru. Shekara huɗu da 'yan watanni ta yi a zauren nan, ba ta taɓa neman komai ba sai wuta da ɗan ƙyallen goge jiki. Idan an tashe ta da safe takan ce "tit" sau ɗaya, kamar mai amsa sallama, sannan ta shiga gurnaninta, gurrr, har a rufe zaure.

Ga waɗanda ba 'yan unguwa ba, ga aikin da ta riƙe. A Gwammaja katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida. Uwa ta kwanta zazzaɓi, maƙwabciya ta ɗauki jariri ta ba shi nono, ba a rubuta ba, ba a yi shela ba. Bayan shekara ashirin da biyar sai ka ga yaron ya zo zance ƙofar gidan, alhali a shari'a duk 'ya'yan matar nan 'yan'uwansa ne, babu aure tsakaninsu. Mutum ɗaya ce take riƙe da wannan sani a kanta, ungozoma 'Yardada, wadda ta yanke cibiyar rabin unguwa. Da Malam Isyaku ya ga tsufa ya fara cin ƙarfinta sai ya roƙe ta, ta riƙa zuwa zaure kullum da hantsi har wata biyar, tana kan tabarma tana mamular dakakken goro tana faɗa, shi yana bugawa. Tebur uku ya gina a rumbun bayanan: na uwaye, na jarirai, da na uku mai haɗa su, wa ya sha na wa, a wace shekara. Da damina ta zagayo 'Yardada ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mata suka ce ai ta bar magajiya, sunan ya bi akwatin.

Marigayiyar ta yi ciwon ƙuruciya sau ɗaya, kuma laifin mai ita ne. Ya ɗauka suna ya isa ya bambanta mutum da mutum. Ina! Mijin 'Yardada sunansa Isyaku, babban malami ne, unguwa ta yi ta sa wa 'ya'yanta sunansa, ita kuwa ko za a yanka ta ba ta furta sunan miji. Kowane Isyaku a bakinta Mai Sunan Malam ne, haka ma a bakin sauran mata. Su goma sha ɗaya ne, har da shi mai bugawar. Ranar da aka fara gwada tambaya, Magajiya ta cure su wuri guda ta mai da su mutum ɗaya, ta ce ya sha nonon mata ashirin da uku. 'Yardada ta yi dariya har goro ya sarƙe ta, ta ce, "Ɗan nan, wannan ai da ya fashe tun kafin yaye." Sati uku ya yi yana ba kowa lambarsa wadda ba ta maimaituwa, tsohuwa tana rarrabe masa su da shekarar kwalara, da shekarar canjin kuɗi, da shekarar canjin hannu da motoci suka koma dama. Masu wannan sana'a su ɗauki darasi kyauta: a cikin birnin Kano ba a riƙe mutum da suna, da lamba ake riƙe shi.

Daga nan ba ta ƙara kuskure ba. A ba ta lambar saurayi da ta budurwa, ta bi teburin nan uku ta duba ko akwai macen da ta haɗa su. Da layuka suka yi yawa ta fara nawa, sai ya yi mata fihirisa irin ta bayan littafi, ta koma ba da amsa kafin a gama zuba shayi. Ba ta da ɗan gida, ba ta da bare, ba ta taɓa kai zancen wani gida wani gida ba. Idan ta samu nono, firinta, na'urar buga takarda, ta rubuta sunayen biyu a sama, ta rubuta sunan matar da shekarar a ƙasa, a yi salati a watse. Idan babu, sai ta rubuta sunayen kawai ta bar ƙasan fari fat. Ita ce ake ce wa farar takarda, wadda iyaye mata suke karɓa da guɗa. Akwai gidajen da suka sa tasu a gilashi suka rataye. Liman Musa ya taɓa cewa, "Malam, me zai hana ta rubuta 'babu', mu san ta duba?" Malam Isyaku ya ce gaskiya ne, aikin minti biyar ne, gobe in Allah ya kai mu. Shekara huɗu ke nan goben ba ta iso ba.

Yanzu sai abin da ya hana mai wannan sanarwa cin abinci. Shekara biyu ke nan yana neman auren Malama Sa'ida, 'yar Alhaji Ɗalha, mai koyarwa a makarantar firamare, ita ma kuma tana so, ba ta ɓoye ba. Ya san lambarsa, ya san tata. Tun makon farko ya rubuta tambayar ya adana, ya ɗora yatsa a kan maɓalli, ya janye. Lokacin da yake bugun bayanan bai riƙe komai ba, layi dubu huɗu ne na lambobi zalla, don haka bai san abin da ke ciki game da kansa ba, kuma ya gwammace kada ya sani. Ya duba wa masu neman aure sama da ɗari uku, ya raba goma sha tara da hannunsa yana ba su haƙuri, yana ce musu gara yau da gobe. Tasa kuwa tana nan kwance. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ya yarda a rubuta shi haka a cikin sanarwa.

Da aka zo maganar sa rana, sai gwaggon Sa'ida, Hajiya Uwa, ta dafe kai ta ce ita fa tana tuna marigayiya Hafsat, mahaifiyar Sa'ida, da wani Mai Sunan Malam a cinyarta yana sha, shekarar canjin hannu, lokacin Hafsat tana goyonta na fari. Wanne daga ciki? Ta ce wallahi ba za ta ɗauki alhaki ba, jarirai duk kamarsu ɗaya. Uku daga cikin goma sha ɗayan a shekarar aka haife su, Malam Isyaku yana ciki. Mahaifiyarsa ta rasu, Hafsat ta rasu, Alhaji Ɗalha kuma a lokacin yana Ikko fatauci, ga shi dama ba zancen maza ba ne. Liman ya ce maganar mace ɗaya mai kokwanto ba ta hana aure. Alhaji ya ce ya ji, amma shi ba zai aurar da 'yarsa a kan wataƙila ba. A tambayi Magajiya a gabansa, abin da ta ce shi ke nan.

Ciwon ajalin ya daɗe yana sallama. Tun farkon damina faifan ajiyar da ke cikinta yake yin "ƙas" jefi-jefi, mai ita ya ji da kunnensa, ya ce sanyi ne. Ranar Alhamis aka shimfiɗa darduma, Alhaji Ɗalha da Liman da Hajiya Uwa suka zauna, Sa'ida tana gida tana jiran aike. Magajiya ta ce "tit" kamar kullum. Malam Isyaku ya buɗe tambayar da ta shekara biyu tana jiransa, ya yi bisimilla, ya danna. Firinta ta ja takarda, "zzzt, zzzt", ta rubuta Isyaku, ta rubuta Sa'ida. Sai aka ji "ƙas, ƙas, ƙas" daga cikin akwatin, har sau bakwai. Fuskar Magajiya ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi ƙirin. Firinta ta tofo takardar, ƙasanta fari fat.

Hajiya Uwa har ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa, Alhaji ya dakatar da ita. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Isyaku, tsakaninka da Allah, ta duba ba ta samu ba ne, ko ta mutu kafin ta faɗa?" Da ƙarya ɗaya, da yanzu ana rabon alawa. Amma Malam Isyaku ya san sunayen sama tun kafin bincike ya ƙare ake buga su, shi ya tsara haka da hannunsa. Ya ce, "Baba, ban sani ba." Alhaji ya miƙe ya sa takalminsa, ya ce shirun mai rai amsa ne, amma shi bai taɓa jin an ɗaura aure da shirun gawa ba.

An yi iya ƙoƙari, Allah shi ne shaida. An kai ta wurin Audu mai gyara a Ƙofar Kabuga, ya kara kunne, ya girgiza kai. Ya ciro faifan ya naɗe shi a leda uku, aka ba shi gado a firjin mai ƙanƙara yini guda, wai sanyi yakan farfaɗo da irinsu na ɗan lokaci. Da aka mai da faifan, ya juya sau biyu, ya ce "ƙas", shi ke nan. Aka koma kan kwafin ajiya, fulofi bakwai, ƙananan faya-fayan ajiya, da suke cikin gwangwanin madara tun bara waccan, ba a taɓa gwada ko suna buɗuwa ba. Na ɗaya zuwa na uku lafiya lau. Na huɗu ya ƙi, kuma sauran ba sa haɗuwa sai da shi. Jama'a, kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai, ba kwafi ba.

Marigayiyar ta bar firinta, abokiyar zamanta, wadda tun ranar ba ta ce uffan ba. Da kibod ɗaya, allon buga rubutu, wanda harafin A ya goge masa saboda yawan A'isha da Amina. Da linzamin kwamfuta mai ciwon ƙafa. Da marayun fulofi bakwai. Da gidaje kusan ɗari uku da aka gina a kan farar takardarta, da 'ya'yan da aka haifa a cikinsu. Da wasu shida da suke jiran layi don bikin bayan salla, yanzu ba su da inda za su tambaya. Ta kuma bar Malam Isyaku.

Alhaji Ɗalha ya ba da wa'adi zuwa ganin watan Sha'aban. In ba a sami mai warware zancen ba, akwai wani mutumin Shahuci da ya daɗe yana aiko da gaisuwa, za a amsa masa. Malama Sa'ida ba ta zo ta'aziyya ba, amma ta aiko da 'yar takarda: "Malam, da ka danna tun farko, ko kuka ne da tuni mun yi mun gama. Yanzu ka bar ni ban sani ba ko yayana nake so." Ya karanta sau da yawa, bai sami kuskure ko ɗaya a ciki ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a zauren marigayiyar. Liman ya ce ba salla, ba likkafani, kada wani ya ja masa magana, don haka za a mai da ita cikin bargon da ta zo da shi a kai ta ɗakin shirgi. Audu zai ɗauki fanka da wayoyi, sauran gadon ba mai so. Zaman makoki kwana uku ne. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su kawo shawarar sayen sabuwa, abin da ya tafi ba a sayar da shi a kasuwa. Duk tsohuwar da ta yi zaman Gwammaja shekarar canjin hannu, ko ta koma Kurna, ko Rijiyar Lemo, ko ina ne, in tana tuna wane yaro Hafsat ta ɗauka, don Allah don Annabi a faɗa, za a aika mata da mota. An riga an tambayi tara. Biyar sun ce ba su tuna ba, huɗu sun ce Mai Sunan Malam ne.

Jiya da safe Malam Isyaku ya zauna ya rubuta gyaran nan da Liman ya roƙa, wanda zai sa ta ce "babu" idan babu. A bayan farar takardar ya rubuta shi da biro, tunda ba inda za a buga shi. Layi uku ne, bai ɗauke shi minti biyar ba. Za a ninke shi a sa mata a cikin akwati kafin a ɗaure bargon.

Sanarwa daga Malam Isyaku Nata'ala, Gwammaja, Kano.