Yadda Za Ki Samu Ƙauyen Asali Kafin Ranar Juma'a

'Yar'uwa mai karatun hulɗar ƙasa da ƙasa, wadda aka haifa a unguwar New Bell ta Douala, take kuma son zama konkur, wato jarrabawar shiga makarantar jakadanci a Yaoundé, kwantar da hankalinki. Bi matakan nan bakwai, kafin a rufe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga, ranar Juma'a kina da ƙauye naki na kanki, har da rafi da mai gari. Ni Mardiya Ilu da ƙafata na taka su, ba labari aka ba ni ba.

Mataki na 1: Fara da karatun

Shekara uku a jami'a. Ki haddace abin da ke sa ƙasa ta amsa sunan ƙasa, da yadda ake shata iyaka, da wanda doka ta kira ɗan ƙasa. Ki hau bensikin, babur ɗin haya, cikin ruwan Douala, littattafanki a leda ƙarƙashin hijabi. Ranar da aka rufe unguwa ana kame saboda abin da ke faruwa a arewa, soja ya buɗe jakarki ya ga takarda mai taken ta'addanci da tsaron kan iyaka, ki yi masa bayani cikin Faransanci mai ladabi cewa aikin gida ne. Ki fito ta biyu a aji.

Duk wannan ba zai amfane ki a gaba ba, amma yana koya wa mutum tsayuwa a layi.

Mataki na 2: Ki san akwatin

A takardar konkur akwai ɗan akwati da bai kai tsawon yatsa ba: yankin asali, ƙauyen asali. Yanki-yanki ake raba kujerun, don haka akwatin nan ya fi digirinki nauyi. Ke da hankalinki za ki rubuta Douala, New Bell. Ma'aikacin da ke karɓar takardu zai zare tabarau.

"Ma fille, 'yata, ban tambaye ki inda kike kwana ba. Ƙauyenku."

"Nan aka haife ni, Mesiye."

"Babanki fa?"

"Nan."

"Kakanki?"

"Nan aka binne shi."

"Na ji nan aka binne shi. Daga ina ya zo ya mutu?"

Kada ki karanto masa doka. Masana sun tabbatar cewa doka ba ta ratsa gilashin taga. Karɓi dosiyenki, kina da kwana huɗu.

Mataki na 3: Kada ki tambayi kakarki

Na tambayi tawa, Hajiya Hapsatu. Ta ce surukinta, uban mijinta, ya sauka nan da huhun goro tun jirgin ƙasa yana abin kallo, kuma daga wajen Kano ya taso. Ki haɗiye wannan sunan. A shekarun nan, wadda ta furta shi a ofis ta zama 'yar Najeriya kafin ta rufe baki, kuma 'yar Najeriya ba ta wakiltar Kamaru. Kada kuma ki yi zaton can za su karɓe ki. Sau ɗaya na je biki, kwana tara ana kirana 'yar Faransa, ana sa ni in ce "burodi" don a yi dariya.

Mataki na 4: Ki yi aro

Wanda ba shi da tabarma yakan ara, haka ma ƙauye. Nemi dattijon arewa mai sanyin hali. Nawa shi ne Baffa Hamman mai kilishi a bakin masallacin layinmu, Bafillace, shekara talatin yana Douala. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki tambayi iyali da kasuwa, sannan ki faɗi buƙatarki a hankali kamar mai neman aron tukunyar biki.

Bai ko ɗago daga wuƙarsa ba.

"Ɗauki, 'yata. Wuro Hayatu. Dab da iyaka yake."

"Baffa, mutanen garin ba za su ji haushi ba?"

"Waɗanne mutane? Tun bara da aka shiga musu kowa ya watse. Ɗauki abinki, babu kowa a ciki."

Ga darasin diflomasiyya na farko: idan aka ba ki irin wannan amsa, ki yi godiya, ki duba ƙasa, kada ki ƙara tambaya.

Mataki na 5: Ki haddace garinku

Rafi yana gabas. Kasuwa ranar Laraba. Akwai tsamiya biyu a bakin gari, ɗaya tsawa ta raba ta. Ki koyi gaisuwar Fulatanci guda uku, ki tsaya nan, domin ta huɗu tana jawo hira. Baffa zai ƙara miki abin da ba ki tambaya ba: wanda ya haƙa rijiya, inda mahaifiyarsa take shanya kuɓewa. Ki bar shi ya faɗa. Ba ya cikin jarrabawa, amma ke kaɗai kika tambaye shi garin a bana.

Ki sani kuma, sunan gari na bakin iyaka yana sa ɗan sanda ya dubi katinki sau biyu. Wannan ci gaba ne. Da ba ki da asali, yanzu kina da wanda ake zargi.

Mataki na 6: Kada ki yi bita a tsakar gida

Ni na yi. Ina wanke shinkafa ina maimaita "ni 'yar Wuro Hayatu ce", ashe Hajiya tana bayana a kan kujerarta.

"Ke 'yar ina?"

"Hajiya, na takarda ne kawai."

"To madalla. Idan na mutu sai ku ɗauke ni a mota ku kai ni can, tunda can ne garinmu. Mijina da 'ya'yana biyu da ke kwance a nan, a bar su, baƙi ne."

"Hajiya, kujera ce fa. Shekara uku ina wahala."

"Na haifi ubanki a ɗakin can ruwa yana shigowa har gwiwa. Da aka zo rushe layin nan, a bakin ƙofa na zauna har motar rusau ta juya. Ban san aro nake zaune ba sai yau. Zuba ruwan shinkafar, ya yi yawa."

Mataki na 7: Juma'a

Ki je da wuri, kafin ma'aikata su fara tunanin abincin rana. Sabuwar takarda, alƙalami mai kyau. Ki rubuta sunan ƙauyen aro da manyan baƙaƙe, ki miƙa, ki yi murmushi. Minti biyu ne, an gama.

Haka ake yi. Ni dai da na kai kan akwatin, na rubuta New Bell, na ja masa layi a ƙasa.

Ma'aikacin ya duba, ya dube ni.

"Ke ce ta ran nan. Ba ki samo ba?"

"Na samo, Mesiye. Shi ne wannan."

"Kin san inda dosiyen nan zai kwana?"

"Na sani. A buga mini hatimin karɓa, s'il vous plaît."

Ya buga. Ya ajiye shi a gefe, kan wani ɗan tsibi da ba shi da tsawo. Da sunayen masu zama jarrabawa suka fito, na karanta allon daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, babu nawa. Yanzu ina auna atamfa a shagon babana, ina sasanta masu ciniki da harsuna uku. Takardar baɗi tana cikin jakata, na riga na cike akwatin.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. Wadda ta bi matakan nan aka tsare ta a shingen hanya saboda garin da ba ta taɓa gani ba, ita ta jiyo. Wadda kakarta ta daina cin abincin hannunta, su sasanta a gida. Wadda ta yi irin taurin kaina ta ƙare a bayan kanta da digiri, kada ta zo mini kuka, shagon ba ya ɗaukar mutum biyu. Wadda kuma aron ya karɓe ta, ta ci konkur, ta zauna a bayan gilashi a wani ofishin jakadanci, ina taya ta murna da zuciya ɗaya. Wata rana takardar ɗan New Bell za ta biyo ta hannunki. Ki buga hatimi kawai, kada ki tambaye shi ƙauyensu.