Rasuwar Allon Gefen Fasinja, Sanadin Kankanar Zuba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, ni Sadisu na Lugbe nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Allon Gefen Fasinja, ɗan talabijin ɗin gaban mota, wanda ya cika yau da hantsi a ƙofar gidanmu. Yanzu haka hayaƙi bai gama fita daga dashbod ba. Friday maigadi yana tsaye da bokitin yashi, ni kuma ina roƙonsa kada ya watsa.

Marigayin ba nawa ba ne, abin da ya ƙara wa rashin nauyi ke nan. Shi da motar duk na Yaya Abdulhakim ne, wan matata Nana Aisha, wanda ya tafi kwas ƙasar waje ya bar mini makulli da wasiyya guda: in riƙa ɗumama inji da safe, kada motar ta leƙa waje. Na riƙe amana daidai gwargwado. Sai dai a fahimtata, inji ba ya ɗumama sosai sai an kai shi garin Zuba.

Marigayi ya yi rayuwarsa a gaban kujerar mai zaman banza. Mai ladabi ne. Shafa kaɗan da ɗan yatsa, sai ya amsa da "tin" mai sanyi. Bai taɓa nuna wani abu da ra'ayin kansa ba, sai abin da yayansa, babban allon tsakiya, ya aiko masa ta wata waya mai kauri da ta bi ta bayan dashbod. Abincinsa kaɗan ne: jar waya daga akwatin fis, baƙa ɗaure a jikin ƙarfen mota, shi ke nan.

Ga kunya. Da mota ta motsa sai ya yi wa direba lulluɓi: fasinja yana kallon fim tar, ni ina ganin baƙin gilashi. Ba ya kuma farkawa sai abin awon da ke ƙarƙashin kujera ya shaida masa cewa mutum ya zauna.

A nan shaiɗan ya samu ƙofa. Ranar da ake buga ƙwallo ina ni kaɗai a mota, ga cunkoson hanyar filin jirgi yana jirana. Na shiga kasuwar Zuba na zaɓi kankana mafi ƙiba, na zaunar da ita a gaba, na ɗaura mata bel kamar surukata. Marigayi, da yake ba ya zargin kowa, ya ce "tin", ya yi mata maraba. Ni kuma na riƙa karkatowa har kunnena yana gogar ta, ina satar kallo daga inda fasinja yake gani. Ana shirin buga fanareti wata bas ta tsaya cak a gabana. Na take birki. A lokacin na gano cewa kankana ba ta da kafaɗa, bel ba shi da abin riƙewa.

Ta daki dashbod ta tarwatse. Ruwan ya gangara ta bayan marigayi ya shige inda wayoyinsa suke haɗuwa.

Jinyarsa gajeriya ce amma mai wahala. Ya fara taɓa kansa da kansa, yana buɗe taswira yana neman kai mu garin Sheda. Kiyashi suka ji zaƙi suka zo dubiya, ba su koma ba. Daga baya fis ɗinsa ya ƙone, wato jikinsa da kansa ya ce a bar shi ya huta. Ban bar shi ba. Na yi masa irin maganin da muke yi wa soket a gida: na zare silin waya daga tsohuwar caja na naɗe a gurbin fis. Ya buɗe ido, ya yi haske irin wanda bai taɓa yi ba, har na ce alhamdulillahi. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "tssss".

"Oga," in ji Friday, "motanka yana dafa abinci."

Marigayi ya bar yayansa babban allo, wanda tun ɗazu yake ƙiftawa, da lasifika biyu marayu, da Nana Aisha, wadda ta leƙo ta shaƙi ƙaurin, ta tsinci ƙwallon kankana a rigata, ta ce, "Sannu da ɗumama inji, maigida. Kai za ka kira Yaya, ni ba ni da kati."

Ba za a yi wa marigayi wanka ba, domin wanka ne ajalinsa. An riga an lulluɓe shi da tawul a inda yake kwance, za a yi zaman makoki a cikin gareji da ƙofa a rufe. Masu ta'aziyya su zo da ƙafa, su yi magana ƙasa-ƙasa, kada kowa ya ɗauki hoto.

An ɗage jana'iza. Ina rubuta layin da ke sama wani dogon mutum da ban taɓa gani ba ya yi sallama a get, da yarinya a kafaɗa, yana kaɗa makullin da ya yi kama da nawa sak. Ya ce Alhaji Abdulhakim ya sayar masa da motar tun daga can ƙasar waje, shi kuma daga Kaduna ya zo ɗauka.

"Ba don komai na saye ta ba," in ji shi, "sai don talabijin ɗin gaban nan. 'Yar nan ba ta zama a mota sai tana kallon katun. Malam, ɗage mana tawul ɗin ta gani."