Ramin Yaƙin Bagudu

Wani mutum ne a garinmu, can gefen Binuwai, ana ce masa Bagudu, amma shi ya raɗa wa kansa Maganin Jamus. Ni na san shi ido da ido, ba labari aka ba ni ba. Gajere ne kakkaura, wuya kamar turmi, ga wani rawani da ko wanka zai shiga rafi ba ya kwance shi. In ka tambaye shi dalili, sai ya yi ƙasa da murya ya ce harsashin Jamus ne ya tsage masa ƙoƙon kai a yaƙin Garwa, kuma likitan Turawa ya ce duk ranar da iska ta taɓa wurin, sai dai a nemo likkafani.

Baki kuwa, Allah ya ba shi. Da an idar da la'asar sai ya baje a gindin tsamiyar kasuwa ya fara zuba. Wai wata bakwai ya yi cikin ramin yaƙi, ruwa iya ƙirji, kwaɗi na kwana a aljihunsa. Wai wayar nan mai ƙaya da Jamusawa suka kewaye sansaninsu da ita, da haƙori ya datse ta. Wai ran nan ƙwallon igwa ya faɗo gabansa yana huci, ya sa ƙafa ya mayar musu da kayansu. Amma babban abin taƙamarsa shi ne bindiga mai ruwa, mai aman harsashi ba ƙaƙƙautawa har sai an zuba mata ruwa ta huce. Ya ce shi ke harba ta. Yawan waɗanda ya kashe kuwa ya danganta da cikinsa. In da yunwa, ɗari biyu ne. In ya ci waina, sukan kai dubu.

To, wainar nan ita ta jawo magana. Mai ita Tabawa ce, bazawara mai rufin asiri, ga gida nata na kanta, ga gonar masara a gindin dutse. Bagudu ya mutu a kanta, kuma wannan kam ba cika baki ba ne, son gaske yake yi mata. Ita ma ta fara saurarensa. Ta ce masa dai maganar aure tana hannun yayanta da ke Yola, ranar Juma'a zai zo ya ga mutumin. Ba ta faɗi aikin yayan ba, shi kuma bai tambaya ba, don Bagudu bai taɓa barin wani ya ƙarasa zance ba.

Ana nan sai birai suka sauko daga dutse suka yi wa masarar Tabawa kaca-kaca. Bagudu ya ga dama ta samu. Ya bugi ƙirji ya ce wanda ya kori Jamus, biri ne zai gagare shi? Ya tara majiya ƙarfin gari da daɗin baki, kwana uku ana haƙa rami a bakin gona, wai irin na Garwa sak. Shi ko fartanya bai taɓa ba, sai nuni da sanda.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, gari ya ɗunguma kallon rami. Tabawa ta zo da tulun kunu ta ajiye a bakin gona, tare da wani dattijo siriri mai ɗingishi, usur rataye a wuyansa. Ta ce, "Ga yayan nawa, Nomau."

Bagudu ya yi masa gaisuwar sama-sama, ya diro cikin rami, ya ɗora taɓarya a kan gaɓa ya saita dutse. "Ta-ta-ta-ta! Haka nake yi musu, Yaya. Sai ka ga Jamusawa na zuba kamar ɓaure."

Dattijo ya dubi ramin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya tambaya cikin sanyin murya me ya sa aka haƙa shi miƙe sambal kamar kunyar gona. Ya ce shi dai ya ji ana lanƙwasa ramin yaƙi kamar tafiyar maciji, don in ƙwallon igwa ya faɗa ciki kada ya kwashe kowa gaba ɗaya.

"Na matsorata ke nan," in ji Bagudu. "Mu a rundunarmu miƙewa muke."

"To, ƙasar da kuka haƙo fa? Na ga kun tara ta a bayanku. Ba a gaba ake tara ta ba, ta tare harsashi?"

"Mu jingina muke da ita, Yaya. Harsashi ai ya san mu."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Dattijo bai yi gardama ba, sai ya ce yana son a ba shi labarin bindiga mai ruwa, ta ina ake ɗura mata harsashi? Nan Bagudu ya ɗan yi tari, ya kauce, ya shiga bayanin nauyi. Ya ce ƙafafunta uku kaɗai sun kai rabin buhun gero. Ya ce akwatin harsashi ya fi kowane kaya mugunta, don kusurwarsa ke cin mutum a nan, ya nuna bayan wuyansa. Garwar ruwanta kuwa, in ba a cika ta fal ba, sai ta riƙa tangaɗi tana jan mutum gefe. Ya san hawa nawa ne daga bakin kogi zuwa sansani, ya san inda santsi yake. Wallahi a wannan ɓangaren ko tuntuɓen harshe bai yi ba.

Ni na ga lokacin da dattijon ya yi murmushi. Ya ɗaga usur ɗin nan ya busa sau biyu, fiit, fiit, ya daka tsawa da wata murya da ba ka ce daga wannan siririn jiki ta fito ba:

"'Yan dako, kaya a kai!"

Jama'a, ban taɓa ganin saurin ɗan Adam irin wannan ba. Bagudu ya yi wurgi da taɓarya, ya yi tsalle ɗaya daga rami. Warr, ya warware rawani. Kafin ƙiftawar ido ya naɗe shi ya zama gammo, ya ɗora a ka, ya sunkuci tulun kunun Tabawa ya aza, ya ƙame ƙam yana kallon gaba.

"Lamba arba'in da bakwai, a shirye!"

Ga kai nan a fili, kowa na gani. Babu tsaga, babu tabon harsashi, sai wata faffaɗar kanta ƙwal a kewayen gammo, irin wadda kaya kaɗai ke yi wa mutum. Iska kuma ta yi ta kaɗa shi, bai mutu ba. Sai dariya ta ɓarke, har da masu faɗawa cikin ramin.

Ashe dattijon Saje Nomau ne, wanda ya yi yaƙin Garwa da gaske, a can ma ya samo ɗingishin. Shi bai yi dariya ba. Ya ce ɗaukar kaya ba abin kunya ba ne, don ba don 'yan dako ba da bindigar ba ta je ko'ina ba, kuma da yawansu a kan hanya suka mutu ba wanda ya san kabarinsu. Ya ce, "Da gaskiyar ka faɗa mini, da yau na ba ka ƙanwata." Ni kam a nan tausayinsa ya kama ni.

Bagudu na tsaye, gumi na tsiyaya, ya rasa yadda zai sauke tulu ya rasa yadda zai ci gaba da riƙe shi. Ya juyo da ido wajen Tabawa a hankali, don kada kunu ya zube.

Tabawa ta gyara mayafi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Aure dai babu, Maganin Jamus. Amma tunda ka riga ka ɗauka, kai mini shi gida. Ka bi a hankali, akwai santsi wajen rijiya."