Vandi da Gangar Lantarki

"Duk Mubi babu wanda ya san lantarki kamata, har Turawan!" Haka Vandi yake faɗa kullum, abokina, alhali aikinsa kaɗa ƙararrawa ne a makaranta. Iliminsa kaf ta taga ya tsince shi.

Wata rana ya ji Malam Tizhe yana koya wa ɗalibai cewa idan ka kewaye wuri ruf, ƙarfin lantarkin da ke ratsowa waje daidai yake da cajin da ke ciki. Na waje ba ya cikin lissafi, don abin da ya shiga ta nan zai fita ta can. Gogan naka ya kwashi rabi, ya bar rabi a bakin taga.

Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Ranar da za a faɗi sakamako da rana tsaka, duk ƙauyenmu Digil aka taru a ƙofar dagacinmu Jauro Gabdo, mai rediyo ɗaya tilo a garin, kowa na son jin ko Najeriya ya kwana ko Kamaru. Rediyon na ɗan shaƙewa. Injiniyan ƙararrawa ya miƙe ya ce caji ne ke tserewa, a ba shi rediyon ya kulle cajin. Jauro ya ce in ya gyara, rediyon ya zama a hannunsa har abada. In ya ɓata, kada ya sake buɗe baki a dandali.

Vandi ya jefa rediyo cikin gangar ƙarfe ya rufe. Da can ana jin kaɗan, yanzu ko tari babu. Ya ce caji ne ya yi kaɗan, ya kwashe batiran tocilan gari duka ya zuba. Shiru. Ya ce akwai ɓaraka, ya liƙe kowace huda da laka. Shiru dai, kai ka ce makabarta. Ni kam haushi ya gama cika ni, ga lokaci yana wucewa.

"Saura babban caji," in ji shi, yana nuna kansa. Ya tsunduma ciki, ya ce a danne murfi. Aka danne masa da zuciya ɗaya, murfi ya cije.

Ana cikin haka Mama Salomi ta dawo daga kasuwar Mubi da ƙwaryar gyaɗa a ka, ta ce ai tun ɗazu aka faɗa, Najeriya aka shiga. Malam Tizhe na biye da ita a kan keke. Jauro ya tambaye shi ko da gaske shi ya koya wa Vandi wannan aiki.

Malam ya zagaya ganga, ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa. Kunya ta hana na ciki motsi.

"Ranka ya daɗe, dokar lantarki ba ta ƙarya," in ji Malam. "Abin da ke fitowa daidai yake da abin da ke ciki. Tun da ba abin da ya fito, gangar nan babu komai a cikinta."