Nomau da Takardar Koyar da Fatsa

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 2023, gari ya waye da yayyafi a Gungun Tsamiya, kogi ya yi jawur da laka. Da safen nan aka aiko daga masaukin baƙi na bakin kogi cewa daga ƙarshen watan gobe, duk wanda zai koya wa baƙi fatsa sai yana da takardar shaida daga ƙungiyar masu koyarwa. Wanda bai samu ba, ya nemi wani aiki.

Gidan da saƙon ya fi girgizawa shi ne gidan Nomau. Su uku ne a ciki: shi, da matarsa Lantana mai bandar kifi, da mahaifiyarsa Inna Tasalla. Nomau ba ya musu, ba ya ƙarya, amma duk abin da aka ce masa ya yi, sai ya bi maganar har inda ta ƙare. An gwada shi a gona, an gwada shi a gadi, ba a kwashe lafiya ba. Abu ɗaya Allah ya ba shi: ya iya ɗaure gashin zabo a jikin ƙugiya ya fito kamar ƙwaro, ya wurga a kan ruwa, kifi ya taso ya cafke. Baƙi 'yan birni suna son irin wannan fatsa, shi ya sa masaukin ya riƙe shi. Ba wani aiki da ya taɓa daɗewa a hannunsa sai wannan.

"Inna, in suka sallame shi, ina za mu sa kanmu?" in ji Lantana.

"Ki daina faɗa, 'yar nan. Ni tun da na ji, tuwo ya ƙi shiga."

Ƙungiya ta turo wani dattijo, Malam Haliru, ya koya wa masu neman takardar ƙa'idojin aiki kafin ranar jarrabawa.

Wata rana Malam Haliru ya ce, "Kafin ka wurga igiya, ka tabbatar babu kowa a bayanka." Nomau ya waiwaya, ya ga mata suna wanki, ya roƙe su suka matsa. Ya sake waiwayawa, ya hango makiyayi da shanunsa, ya je ya kaɗa su gefe. Daga can kuma ya hango rumfunan kasuwa. Sai bayan la'asar aka dawo da shi, rigarsa a yage, mahauta biyu suna riƙe da shi.

"Me ya kai ka kasuwa?" in ji Malam Haliru.

"Malam, garin nan gaba ɗaya a bayana yake. Mahauta ne kawai suka ƙi tashi."

Wata rana kuma Malam Haliru ya koya musu cewa fatsar baƙi ta nishaɗi ce, ba ta cika tukunya ba. "Duk kifin da ya zo hannunka, ka jiƙa hannu, ka riƙe shi a hankali, ka mayar da shi ruwa." Washegari Lantana ta ɗora masa faifan banda ya kai wa wata mai abinci. Hanyar ta bi ta bakin kogi. Da ta ji shiru ta bi sahunsa, ta same shi a tsugune cikin ruwa, yana sakin busassun tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

"Maigida! Kifin da ya kwana uku a kan wuta?"

"Na jiƙa hannuna, Lantana. Sai dai duk sun gaji, ba wanda ya motsa."

Lantana ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki faifanta ta koma gida, ta zauna kusa da Inna, su biyu suna kallon murhu.

Wata rana aka ba kowa ɗalibin gwaji daga cikin baƙin masaukin. Nomau ya samu wani likita da ya zo hutu daga Kaduna. Malam Haliru ya ce, "Ɗalibi amana ne. Kada ka ɗauke ido daga kansa." Suka yi fatsa lafiya, likita har ya kama karfasa. Da ya koma ɗaki, Nomau ya bi shi. Ya zauna cin abinci, Nomau ya zuba masa ido har loma ta sarƙe shi. Ya shiga wanka, ya ji numfashi a jikin ƙofa. Likita ya tattara kayansa ya shiga mota, bai ankara ba sai a Kontagora, ya duba madubi ya ga idanu biyu a kujerar baya. A bayan motar albasa Nomau ya dawo.

Manajan masaukin ya kira Malam Haliru ya ce, "In ya faɗi jarrabawar nan, ba ruwana. Ko roƙo kada a zo mini."

Wata rana, ita ce ranar jarrabawa, babban mai gwaji ya iso daga ƙungiya, wani ƙaƙƙarfan mutum da ake kira Alhaji Ɗanjuma Rini. Shi zai yi kamar ɗalibi, Nomau ya koya masa. Lantana da Inna suka tsaya nesa a gindin tsamiya, Inna tana jan carbi. Kafin a fara, Malam Haliru ya ja Nomau gefe ya ce, "Damina ce. Sandar fatsar nan tana jawo aradu. In ka ji tsawa, ko sau ɗaya, ka yar da sanda, ka fitar da ɗalibinka daga ruwa. Ba jira."

Sama tas take, ko ɗigon gajimare babu. Alhaji ya naɗe wando, suka taka har kan wani falalen dutse a tsakiyar ruwa. Nomau ya fara nuna masa riƙon sanda ke nan, sai aka ji wani rugugi can nesa, ta gabas. Nomau ya fizge sandar ya jefar, ya sunkuya ya saɓa Alhaji a kafaɗa.

"Kai! Sauke ni! Lafiyarka?"

"Tsawa, ranka ya daɗe."

"Wace tsawa da rana tsaka? Ka dubi sama mana!"

"Ba a ce in duba ba, ranka ya daɗe."

Haka ya keto ruwa da shi, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya tafi, bai dire shi ba sai a kan tudu. Lantana ta rufe fuska da mayafi. Malam Haliru ya rasa inda zai sa idonsa. Alhaji ya buɗe baki zai fara faɗa, sai rugugin ya ƙaru. Ashe ba tsawa ba ce, ƙofofin madatsar ruwa aka buɗe can saman kogi saboda ta cika. Suna tsaye suna kallo, jan ruwa ya kwararo da itatuwa, ya shafe dutsen nan kamar ba a taɓa yin sa ba.

Alhaji ya bi ruwan da kallo. Can ya zauna a ƙasa da takalminsa ɗaya, ya ce a ba shi ruwa ya sha.

Nomau ya ɗaga kai sama ya ce, "Ikon Allah. Har yanzu hadarin bai iso ba."

Da Alhaji ya dawo hayyacinsa, ya sa Nomau ya yi wurgi a kan tudu, ya ga ƙugiya ta sauka kamar ƙwaro ya gaji da tashi. Ya rubuta wa shugaban ƙungiya wasiƙa cewa a ba mutumin nan takardarsa, amma duk wanda zai ba shi umarni ya auna maganarsa tukuna. Ya manna ambulan ya miƙa wa Malam Haliru, shi kuma ya juya wajen Nomau.

"Ungo, kai gidan waya. Ka riƙe ta da kyau, kada ka yarda ta bar hannun..."

"Malam, don Allah kada ka ƙarasa!" in ji Lantana.

Ta karɓe wasiƙar, ta ɗaure a bakin zane, ta hau babur zuwa cikin gari. Da hannunta ta jefa ta a akwatin gidan waya, ta kara kunne sai da ta ji faɗuwarta.