Yadda Za Ki Daidaita Ƙafar Motar Ɗanki da Ƙwaryar Fura da Gwaggo Ɗaya

"Ni dai, Rahmatu, ba mota kinka sa ni ba, turmi ne! Tun daga ƙofar gidanku har kasuwa dakana ake yi. Taɓa nan ki ji, ƙuguna ya hau wuya."

Yaya Tsahara ke nan, yayar maigidana, ranar da ɗana Nabil ya fito da motarshi daga gareji ya ce ya yi mata gyaran zamani. Ni ban ce komi ba, don harshena na ciza tun a ramin farko.

To 'yar uwa, in ke ma Allah ya ba ki ɗa mai permin tuƙi da mota da hankali kaɗan, gyara zama. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na yi goyo, na san abin da ke jijjiga mutum da abin da ke lallashinshi. Ki bi matakan nan, in sha Allahu motar za ta yi laushi kamar katifar amarya, kuma ta manne wa kwana kamar ƙadangare a bango. Tabbas ne. Har yau ba a samu wadda ta bi hanyata ta dawo da ƙorafi ba. Ke ce ta farko da za ki bi.

Mataki na 1: Ki san ɓarnar da anka yi maki

Bayan kowace taya akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe, resor ake ce mishi, shi ke ɗaukar nauyi. Kusa da shi akwai wani kamar famfon keke, amortisa, shi ke hana mota tsalle-tsalle. Su biyun nan su ne ƙafar mota. Iyakar ilimin ke nan. Duk wanda ya ƙara maki wani abu a kai, burga ce.

Nabil ya je wajen Gado, mai gareji a Sabon Gari, ya sa anka datse resor, anka sa amortisa masu taurin kai. Mota ta yi ƙasa har kaza ba ta iya shiga inuwarta. Duk tudun nan da ake yi bisa kwalta don rage gudu, sai mun fito mun tsallaka da ƙafa, shi ya bi a karkace kamar mai satar shiga, 'yan kabu-kabu bisa baburansu suna ta "Hajiya, a kai ki?"

Na ce, "Kai, mi motar nan ta yi maka?"

Ya ce, "Inna, ba ki gane ba. Yanzu tana riƙe kwana."

"Ita ta riƙe kwana. Mu wa zai riƙe mu?"

Mataki na 2: Ki samo dalilin da ba a gardama da shi

Kada ki ce bayanki ke ciwo. Zai ce tsufa ne, ya sayo maki man zafi.

Ni dalilina mai nauyi ne, kuma kullum ƙara nauyi yake. Ɗiyata Fadila tana aure a Jiratawa, cikin fari ne, wata ya kusa. Kin san yadda ake yi: haihuwar fari gaban uwa ake yinta, dole a ɗauko ta a kawo ta gida. A likita sun ce ban da jijjiga. Kabu-kabu kuwa ko a mafarki. Hanyar gidansu ta cikin garake take, rami na gaishe da rami.

Na zaunar da Nabil na ce, "Ka ji ni da kyau. In ƙanwarka ta haihu a bakin garkar zogala, kai za ka yanke cibi. Da abin da kunka datse resor."

Bai gama tuwonshi ba. Da safe shi ya riga ni shiga mota.

Mataki na 3: Ki cika ƙwarya da fura

Nan ne asirin, ki buɗe kunne. Makanike zai danna bayan mota da hannu, ya saki, ya ce ta yi. Kar ki yarda. Hannunshi ba ciki gare shi ba.

Ki dama fura, kada ta yi kauri, kada ta yi tsululu. Ki zuba a ƙwarya, ki bar gaɓar yatsa ɗaya a baki. Ban da faifai. Ki zauna baya, hannun dama, wurin da mai ciki za ta zauna, ki aza ƙwaryar bisa cinya. Ni na auna, ni da ƙwarya daidai muke da Fadila da cikinta. Ki yi bisimilla, ki ce ɗanki ya ja.

Yanzu sai ki lura da inda furar ta nufa.

In ta yi sama, ta taɓa maki haɓa ko rufin mota, ƙafa ta yi tauri.

In ta yi gefe, ta bi zanen maƙwabciyarki, ƙafa ta yi laushi.

In ta zauna cikin ƙwarya tana rawa kaɗan kaɗan kamar amarya gaban dangin miji, kin gama, ki shanye abinki.

Ranar farko tawa har ido ta shigar mani. Ki sa tsohon hijabi.

Mataki na 4: Ki samo gwaggo

Mota marar kaya maƙaryaciya ce. Sai an aza mata nauyi ake sanin halinta, kamar suruka. Saboda haka kina buƙatar mutum mai jiki a baya, hannun hagu. Wadda Allah ya yi wa albarka, in ta zauna mota ta san an zauna.

Ni Yaya Tsahara na samu. A Tibiri take, kuma hanyar Tibiri kwalta ce, ta yi daidai da gwajin kwana. Ban da haka, ita ce ma za ta je ɗauko Fadila in rana ta zo, don uwa ba ta zuwa gidan suruki ɗaukar ɗiya, aikin gwaggo ne.

Kada ki gaya mata gwaji ne. Ki ce, "Yaya, kin daɗe ba ki sha iska ba, ga zumunci ya yi mana nisa." Za ta ce ita da motar nan har abada. Ki ce an gyara. Ki ce akwai fura. Za ta shigo.

Gwaggo tana da wani amfani kuma: bakinta. In kin ji "Innalillahi" a rami, tauri ne. In kin ji "La'ilaha illallahu" a kwana, laushi ne. Ko ba komi an samu ladar zikiri.

Mataki na 5: Kada ki ce wa makanike "ka yi ta da laushi sosai"

Ni na ce. Allah ya yafe mani.

Gado ya dube ni ya ce, "Hajiya, laushi kamar yaya?"

Na ce, "Kamar goyo."

Ya sa dogayen resor, ya mayar da wasu tsofaffin amortisa da sunka gaji da duniya. Mota ta tashi sama, ta koma kwale-kwale a gulbi lokacin damina. A rami kam, alhamdulillahi, ba ki jin komi. Amma in ta faɗa rami ɗaya, sai ta yi ta lilo har unguwa ta gaba. Nabil ya taka birki, mota ta yi ruku'u ba liman.

Sai munka zo kwanar shiga Tibiri. Mota ta kwanta gefe, Yaya Tsahara ta taho gaba ɗayanta, ta same ni, na samu ƙofa, fura ta samu kowa. Wani mai amalanke ya tsayar da jakinshi don ya kalle mu da kyau.

Nabil ya ce, "Kin gani, Inna? Da wanga laushi, in akuya ta gitta na kauce mata, a garkar mutane za mu kwana, da Fadila da kowa."

Gaskiya ya faɗa. Kada ki nuna mishi. Ki ce dama kin sani, gwada shi kike.

Mataki na 6: Ki yi ta kai da komo har a haɗu a tsakiya

Nan sai haƙuri da gero. Ki koma gareji, a rage nan, a ƙara can. Resor ya koma tsayin da masu motar sunka yi shi tun farko, don su ma ba mahaukata ba ne. Amortisa sababbi, masu ɗan ƙarfi, ba masu zuciyar dutse ba. Iskar taya kuma a daina cika ta kamar ganga. Kowane gyara, a ɗauko gwaggo, a dama fura, a bi hanyar Tibiri don kwana, a bi ta Jiratawa don rami. Amma kada a ƙarasa gidan mai ciki, kar surukai su gan ki da fura a gira.

Za ki ji ɗanki na gunaguni wai an kashe mishi mota. Ke ma za ki ji har yanzu akwai ɗan tauri. To haka ake so. In ɗayanku ya ji daɗi sarai, an cuci ɗayan.

Rannan muna cikin garake, zogala dama da hagu, na duba ƙwarya, fura na zaune lafiya. Na duba Nabil, ya sha wata kwana yana murmushi. Na duba Yaya Tsahara, barci take, baki buɗe, carbi a hannu. Na ɗaga ƙwaryar na sha. Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba.

Mataki na 7: Ki toshe bakin makanike

Wanga mataki ya kamata ya zo na farko, amma ni ma sai daga baya na san shi.

Munka biya gareji don mu yi godiya. Gado ya fito yana goge hannu, ya leƙo ta taga, gaban Yaya Tsahara, ya ce, "To Hajiya, ku lura. Da nauyin Gwaggo anka daidaita motar nan. Baya, hagu. Ranar da ba ta ciki, ku aza buhu biyu na albasa."

Har injin ya mutu don kunya.

"Buhu," in ji Yaya Tsahara. "Rahmatu, buhu? Ashe duk shan iskar nan da zumuncin nan, awo ake da ni?"

"Yaya, ba haka ba ne..."

"Biyu ma! Ko ɗaya da rabi bai ce ba!"

Ta fita. Mota ta ɗaga hagu kamar ta yi ajiyar zuciya, abin ya ƙara ɓata mata rai. Ta tsayar da kabu-kabu, ta hau, tayar baya ta lotse, sunka nufi Tibiri a hankali.

Mataki na 8: Kada ki gwada buhu

Mun gwada. Albasa, gero, har siminti. Fura ta zube duk sau ukun.

Na zauna na yi tunani, sai Allah ya buɗe mani. Yaya Tsahara, saboda tsoro, duk kwanar da anka zo sai ta damƙe kujera ta karkata jikinta ciki, ta danne motar. In ta hango rami kuma, ta ɗan ɗaga. Ashe rabin gyaran ita ce. Buhu ba ya tsoron mutuwa, zaune kawai yake.

Na ce Gado ya sake daidaitawa ba ita. Ya ce ƙusoshin sun gaji da kwancewa, in ya ƙara taɓa su sai dai a nemo wasu, kuma ba yau ba. Ga mijin Fadila ya bugo waya, ƙafafunta sun kumbura, baya ya fara riƙewa, a zo ranar Alhamis. Yau Laraba.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan, tsakaninta da Allah. Ni Rahmatu ba ruwana da hijabin da ya lalace, ko ƙwaryar da ta fashe, ko tsamin da zai zauna cikin kujera har mota ta tsufa. Ba ruwana da dangin miji da sunka daina amsa gaisuwa. In mota ta kwanta a kwana, makanike ne. In ta yi tsalle, ɗanki ne. In komi ya yi daidai, ki sa ni a addu'a.

Ni yanzu waya gare ni a kunne. Na aika turare Tibiri, an maido. Na aika fura, an karɓa, ƙwaryar ba ta dawo ba, to akwai alamar sauƙi. Ga shi Yaya Tsahara ta ɗauki wayar, amma ba ta magana.

"Yaya, na san kina jina, ga numfashinki nan. Na yi laifi, na tuba. Ba don ni ba, don Fadila, ke kinka yi mata wankan jariri. Wa zai shiga gidan surukai ya fito da ita in ba ke ba? Gobe bayan azahar Nabil zai tsaya ƙofar gidanki. Ba a matsayin buhu ba, wallahi, a matsayin kaka. Ki shigo, don girman Allah. Baya, hagu.

"Kuma Yaya... azumin Alhamis ɗin nan da kike yi, ko za ki bar shi sai wani sati? Kar a samu ragi.

"Yaya?"