Ɗan Takarar Jikin Bishiya

Wani ne a wani ƙauye na Bulgariya, duk wanda ya zaɓa shugaban ƙasa sai ya zama ɓarawo. Har mutanen ƙauye suka koma tambayarsa wa zai zaɓa, don su zaɓi ɗayan. Abin ya ishe shi. Ya rantse bana sai ya wanke sunansa.

Ranar kasuwa ya kai cuku birni, ya manta tabarau a gida. A tashar mota ya ga bishiya an liƙe ta da hotunan 'yan takara, kowa ya washe baki. Can gefe ga wani hoto mai baƙin zagaye, mutumin ko murmushi babu. Wata tsohuwa na tsaye gabansa tana share hawaye.

Ya ce, "Iya, kin san shi?"

Ta ce, "Kowa ya san Stamen. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba."

"Me ya yi mana alkawari?"

"Alkawarin me, ɗan nan? Shi da ya gama magana."

"Gidaje fa? Nawa ya tara?"

"Da kwat ɗin jikinsa kaɗai ya tafi."

Gogan naka ya ɓalle hoton ya cusa a aljihu. Yana isa gida ya yanka ragonsa guda ɗaya tilo, matarsa na masifa, ya gayyaci ƙauye kakaf cin gashi. Aka ci aka sha, sannan ya hau kan tebur ya ɗaga hoton.

"Ga shugabanmu! Ba ya ƙarya, ba ya sata, ko abokin hamayya bai taɓa zagi ba."

Tsofaffi suka cire huluna. Kawu Lazar, mai unguwa, ya ajiye ƙashin da yake gwaguya.

"Kai, sakarai, wannan ai takardar sanarwar rasuwa ce. Irin wadda muka liƙa wa ubanka a ƙofa. Ga shi nan a rubuce, mutumin nan ya kusa shekara a kabari."

Gogan ya dubi hoton, ya dubi ragowar ragon.

"To sai me, Kawu? Ubana da ka ambata, tun da ya mutu zaɓe bai taɓa wuce shi ba, kai ne ma kake kai masa ƙuri'ar. Matattu suna ta zaɓen namu, sau ɗaya dai mu ma mu zaɓi nasu."